Mai Tutar Kwanar Rijiya

Akwai wani mai zane a nan ƙasarmu da ake kira Firmin Lacoudre. Duk wanda ya yi ƙuruciya a zamanin iyayenmu ya san sunansa, don shi ke zana labarin tseren motoci a wata mujallar yara mai fitowa mako-mako. Shafi biyu yake bayarwa kowane fitowa, idan shekara ta ƙare a haɗa su a yi littafi.

Yayar mijina, Maud, ita ta ba ni labarin nan muna fere tuffa a kicin. Sai da na nemi izininta kafin na kawo muku shi.

Firmin ɗan wata mai wanki da guga ne a Limoges. Yana yaro burinsa ya zama direban tsere, amma gidansu ko keke babu. Sai ya koma zana motocin a takardar da mahauci ke naɗe nama. Da ya girma ya tafi Paris, ya fara da zanen tallar sabulu, daga baya ya ƙirƙiro wani matashin direba mai suna Rémi. Yara suka so Rémi, iyayensu ma suna ɗaukar mujallar a ɓoye.

Abin da ya fifita Firmin a kan sauran masu zane shi ne ba ya zana mota daga ka. Yakan je filin tsere da kansa, ya durƙusa gaban taya ya ƙirga notinta. Kanikawa kan duba zanensa su ce ko waya ɗaya bai kuskure ba. Idan ya zana wani ƙauye, mutanen wurin sukan gane allon mai burodinsu, har da karen limamin coci.

Kullum maganarsa ɗaya ce ga 'yan jarida: "Ni ba na ƙaga komai. Abin da idona ya gani, shi hannuna ke zanawa."

Matarsa Huguette ita ke sa launi. Shi zai ja layi da baƙar tawada, ita ta bi da buroshi ta cika. Sunanta bai taɓa hawa bangon littafi ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

A lokacin garinmu Orbelle na yin tsere sau ɗaya a shekara, idan tuffa ta nuna. Akan rufe hanyoyin bayan gari, a jera dammunan busasshiyar ciyawa a bakin kowace kwana. Kowace kwana tana da mai tutarta, ɗan gari ne da ke yi don sha'awa. Idan akwai hatsari a gaba, shi zai kaɗa tutar rawaya direbobi su rage gudu.

Mai tutar Kwanar Rijiya, wadda ta fi kowace muni, shi ne Octave Bréhin, mai raba wasiƙun gari. Ƙato ne mai manyan kunnuwa, ba shi da yawan magana. Yana da jan tabon haihuwa da ya taso daga ƙarƙashin idonsa na hagu ya gangara har wuya. Matarsa Berthe ce ta ɗinka masa tutocinsa da hannunta, don ta ce na kwamitin tsere sun koɗe.

Wata shekara Firmin ya zo kallon tserenmu, shi da Huguette. An kwana ana ruwa, hanya ta yi santsi. Yana so ya ga yadda taya ke watsa ruwa a kwana, sai ya haura dammunan ciyawar da farar rigarsa ta ruwa, ya tsuguna a bakin kwalta da fensir.

Octave ya ɗaga murya. "Kai, mai farar riga! Koma baya!"

Firmin ko waiwaye bai yi ba. "Ka san da wa kake magana kuwa?"

"Ko kai ne shugaban ƙasa, mota ba ta san ka ba. Fita!"

"Minti biyu, malam. Aiki nake yi."

Octave ya nufo shi. Ya taka ya cafki wuyan rigar, ya ɗaga shi kamar ɗan kyanwa ya jefa shi bayan ciyawa. Firmin ya faɗa zaune cikin taɓo, takardunsa suka watse a kwatami.

Jama'a suka fashe da dariya. Wani manomi da ya ɗan sha giyar tuffa ya yi ihu: "Yallaɓai, wannan ma idonka ya gani, ka zana mana shi!"

Firmin ya miƙe ya daɗe yana kallon fuskar Octave. Sannan ya juya ya koma masauki, bai tsaya ganin ƙarshen tsere ba.

Huguette ta tsaya tana tsince takardun. Tana nan wata mota ta zame a kwanar, ta juya, ta bugi dammunan ciyawa daidai inda mijinta ya tsuguna. Direban ya fita da karayar hannu. Ciyawar kuwa har kan itatuwa.

Da ta koma masauki ta ce, "Firmin, daidai wurin nan ta buga. Da mutumin nan bai janye ka ba, da yanzu ni gwauruwa ce."

Yana goge takalminsa ya ce, "Da na hango ta na kauce. Ni ba yaro ba ne."

"Ka koma ka yi masa godiya mana."

"Godiya? A gaban mutane ya jefa ni a laka kamar buhun dankali."

Sanyi ya shigo, suna ɗakin aikinsu a Paris. Firmin na neman mugu a sabon labarinsa, sai ya ƙirƙiro wani mai tuta da ya raɗa wa suna Malfosse. A labarin, Malfosse ya ga man mota ya zube a kwana, amma ya ɓoye tutar a bayansa don wani matashi abokin Rémi ya yi hatsari.

Da shafin ya iso teburin Huguette, sai ta ga manyan kunnuwan mugun. A kuncin hagu kuma Firmin ya zagaye wani wuri da fensir, ya rubuta "ja" a gefe.

Ta ce, "Wannan mai tutar Orbelle ne."

"Malfosse ne."

"Da tawada kaɗai zai iya zama kowa. Masu manyan kunne suna da yawa. Amma idan na sa jan nan, babu wanda zai rasa gane shi. Mutumin yana da mata, yana da 'ya'ya."

"Labarin yara ne, Huguette. Mako biyu an manta."

"Kai kake gaya wa duniya ba ka ƙaga komai."

Ta shafa sama, ta shafa motoci, ta shafa rigar mugun, ta bar kuncin fari. Ta wanke buroshinta ta ce ita dai hannunta ba zai taɓa wurin ba. Firmin ya ɗauki buroshi ya tsoma a ja, ya cika da kansa. Bai ɗauke shi ko tsawon shan kofi ɗaya ba.

Ku tuna Octave shi ke raba wasiƙu. Duk gidan da ake aiko wa mujallar, shi ke kai ta a jakar kekensa. Don haka shi da kansa ya bi gida-gida ya saka fuskarsa a akwatunan mutane, bai sani ba.

Washegari yana wucewa ta gaban makaranta, yara suka taso. "Malfosse! Malfosse! Ina ka ɓoye tutar?"

Da farko manya sun yi dariya kawai. Amma an zana kwanar kamar yadda take, ga rijiyar, ga itacen da ya karkace, ga gidan da ke kan tudu. A shagon shan kofi sai aka fara magana ƙasa-ƙasa.

"Rijiyar gaskiya ce, itacen gaskiya ne. To mutumin ne kaɗai ƙarya?"

"Kuma fa bara an yi hatsari a kwanarsa."

"Lacoudre ba ya ƙaga komai, kowa ya sani. Wataƙila ya ga abin da mu ba mu gani ba."

Waɗanda suka ga abin da ya faru da idonsu sun yi musu na ɗan lokaci. Daga baya suka gaji, don zanen na hannun kowa, su kuwa baki kaɗai gare su.

Da lokacin tsere ya matso, shugaban kwamiti ya tare Octave a hanya, yana murza hularsa a hannu.

"Octave, mu dai mun san ka. Amma direbobin da ke zuwa daga nesa suna tambaya. Ka huta bana kawai, har maganar ta lafa."

Maganar ba ta lafa ba. Masu karatu sun ji daɗin tsanar Malfosse, suna ta neman a dawo da shi, Firmin kuwa ya riƙa dawo da shi littafi bayan littafi. Kuma duk shafin da ya fito, Huguette takan bar kuncin fari, mijinta ya cika.

Berthe ta fi mijinta jin zafin abin. Wata rana ta dawo daga kasuwa kwandonta babu komai, ta zauna ta ce, "Mai kifi ta tambaye ni ko da gaske ne. Matar da na yi wa jinya lokacin haihuwarta! Octave, mu bar garin nan. Ko ka hau jirgin ƙasa ka je Paris ka fasa masa hanci."

Octave na yanka burodi ya ce, "Idan na bar gari, za su ce gaskiya ne. Idan na fasa masa hanci, za su ce ai ga halin nan."

"To sai yaya? Ka zauna?"

"Gobe akwai wasiƙu, Berthe."

Haka ya ci gaba. Kowane mako ya kai mujallar gidajen mutane, bai taɓa jefar da ko ɗaya a rafi ba, bai taɓa bari ruwa ya jiƙa ta ba. Ranar tsere yakan shiga lambunsa ya haƙa dankali, ƙarar injuna na zuwa masa daga bayan tudu. Maud ta ce idan ya ji an taka birki da ƙarfi, hannunsa na dama kan ɗaga da kansa, sai ya mayar da shi kan ƙotar shebur.

Tutocin suna naɗe a saman kabad. Berthe takan sauke su sau ɗaya a shekara ta kakkaɓe, ta mayar. Ta daina zuwa kasuwa, sai ta aiki 'yarta. A haka ta tsufa, a haka ta rasu.

Shi kuwa Firmin sai gaba yake yi. An fassara littattafansa zuwa harsuna, an ba shi lambobin yabo, manyan direbobi na roƙon ya saka su ko a gefen shafi ne. Ya ɗauki samari masu zane suna taya shi.

Sannan hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko da safe ne kawai, daga baya ya zama kullum. Likita ya ce ciwo ne da ba ya komawa baya. Firmin ya hana a faɗa wa kowa. Samarin suka karɓi zanen gaba ɗaya, shi ya sa sunansa a ƙasa. A gaban mutane hannun na cikin aljihu.

Wata shekara magajin garinmu ya gayyace shi, za a karrama shi ranar tsere. Huguette ta ce kada ya je. Ya ce shi bai ga dalili ba.

Kun san al'adarmu da masu zane. Idan sun zo gari, mutane kan yi layi da littattafansu, mai zanen ya yi wa kowa ɗan zane a shafin farko a gaban idonsa. Firmin ya sha maganinsa, ya zauna a zauren gari, ya riƙa zana hular kwanon Rémi, abu mafi sauƙi. Na farko-farko sun fita lafiya. Da rana ta yi, maganin ya fara sakinsa.

Sai zauren ya yi tsit. Firmin ya ɗaga kai ya ga wani dogon tsoho a gabansa, da rigar zuwa coci, da littafi a hannu. Gashi ya yi fari, kafaɗa ta ranƙwafa, amma jan tabon na nan.

Tsohon ya ce, "Barka da rana, yallaɓai. Ka gane ni?"

Firmin ya ajiye alƙalaminsa.

"Ya kamata ka gane ni. Ka fi matata yawan kallon fuskar nan."

Wani a layi ya yi 'yar dariya, matarsa ta zungure shi.

Octave ya ajiye littafin a tebur. "Ba rigima ta kawo ni ba. Ni na saba, har wani lokaci idan an kira Malfosse nakan waiwaya. Amma ina da jika, Maud, bana ta iya karatu. Wannan littafinta ne, a makaranta aka ba ta kyauta. Jiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofar lambu, ta ƙi shigowa. Ta ce, 'Kaka, da gaske ka ɓoye tutar?'"

Ya ci gaba da cewa, "Na ce mata a'a. Ta ce, 'Amma malamarmu ta ce mutumin nan ba ya ƙaga komai.' To ni ban iya zane ba, yallaɓai. Abu ɗaya nake so. Ka zana ni a nan da tutata a sama, in kai mata. Ita kaɗai ta gani ma ya ishe ni."

Firmin ya ɗauki alƙalami. Huguette, wadda ke zaune a gefensa, ta ce a duk zamansu ba ta taɓa ganin yana son yin zane kamar wannan ba. Ya kai bakin alƙalamin kusa da takarda, hannun ya soma kakkarwa. Ya danne shi da na hagu, ya ƙi. Alƙalamin ya ƙwace ya gangara ƙasa.

Na gaba-gaba a layi suka miƙa wuya. Mai ɗaukar hoton jarida ya ɗaga na'urarsa.

Octave ya juyo ya ga hakan. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe rigarsa ya dafa tebur da hannu biyu, faffaɗan bayansa ya rufe Firmin gaba ɗaya. Ya ce da ƙarfi, "Ku ja baya mana! Tsofaffi biyu na son yin gulmar matasa, ba a ɗaukar wannan a hoto."

Mutane suka yi dariya suka ja baya. Ya sunkuya ya ɗauko alƙalamin, ya ajiye a hankali. Ya yi ƙasa da murya.

"Tun yaushe?"

Firmin ya ce, "An daɗe. Babu wanda ya sani."

Octave ya dubi hannun yana ta rawa a kan tebur. "Ashe na makara," ya ce. Ya rufe littafin ya maƙale a hammata.

Firmin ya riƙo hannun rigarsa. "Me ya sa ka rufe ni? Da ka bari sun gani. Yau ce ranarka."

"Ni ban san wata rana tawa ba. Na ga abu ya nufo mutum ne, kuma ina kusa. Wancan karon ma haka ne."

Ya gaida Huguette da hula, ya fita.

Firmin da Huguette suka koma Paris a jirgin ƙasa. Washegari ya kira babban cikin samarinsa ya ce yana so a bar masa shafi guda a mujalla, ya gaya masa abin da zai zana.

Saurayin ya ce, "Maigida, ka bar mini. Kafin yamma na gama, babu wanda zai bambanta da naka."

Shugaban mujallar ma ya buga waya. "Firmin, idan ka zana da kanka, ko yaro zai ga hannunka ya tafi. Sannan za su tambaya wa ke zana sauran. Sunanka fa."

Firmin ya ajiye wayar ya dubi matarsa. "Ke me kika ce?"

Huguette ta ce, "Lokacin da ka sa jan nan, ba ka kira kowa ya taya ka ba."

Ya yi watannin sanyi gaba ɗaya a kan shafi guda. Kowace safiya bayan ya sha magani yakan sami ɗan lokacin da hannun ke lafawa. Ya ja layi biyu ko uku, na gaba ya karkace, ya yage ya sake. Mutumin da a dā yake gama shafi kafin abincin rana, yanzu taya ɗaya na cinye masa mako. Wata rana Huguette ta same shi yana kuka a kan tebur, ta ɗauke takardar don kada hawaye ya ɓata ta, ta kawo masa miya.

Da ya gama, layukan duk suna rawa kamar an zana su a cikin mota. Amma ga rijiyar, ga karkataccen itacen. Ga wani ƙato riƙe da tutar rawaya a sama, ɗaya hannun ya cafki wuyan wani mai farar riga yana jefa shi baya. A hoto na gaba ga motar ta tarwatsa ciyawa daidai wurin. Mai farar rigar kuma Firmin bai yi wa fuskarsa kwaskwarima ba, har da buɗaɗɗen baki da taɓo a wando.

Ya miƙa wa Huguette. Ta shafa sama, ta shafa mota, ta shafa tuta. Da ta zo kunci, Firmin ya miƙa hannu zai karɓi buroshi kamar yadda suka saba. Ta ture hannun a hankali, ta tsoma a ja, ta cika da kanta.

A ƙasan shafin ya rubuta: "Wannan shi ne abin da idona ya gani a Orbelle. Malfosse ni na ƙaga shi don fushi, na sa masa fuskar mutumin da ya ceci raina. Sunansa Octave Bréhin. Bai taɓa ɓoye tuta ba."

Shafin ya fito a farkon bazara. Kamar yadda aka gaya masa, kowa ya ga hannun. Jaridu suka yi ta magana, wasu da tausayi, wasu da habaici. Wasu masu tara littattafansa suka ce ya yaudare su. Bai sake sa hannu a wani littafi ba, kuma an daina gayyatarsa taruka.

A garinmu, Maud ce ta karɓi mujallar a bakin ƙofa. Ta ce ta karanta a tsaye, ta ruga lambu ba ko takalmi, ta shiga har cikin kunyoyin dankali.

"Kaka! Kaka, ga ka nan! Ka ɗaga tutar!"

Octave ya goge hannunsa a wando, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Har yanzu mutumin nan bai iya kunne ba. Nawa ba su kai haka ba."

Maud ta ce, "Sun kai, Kaka."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Da yamma ya sa rigar coci, ya ɗauki mujallar ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Mai share wurin ya ce ya gan shi zaune a gefen kabarin Berthe, shafin a buɗe yana fuskantar dutsen da ke kan kabarin.

Mutanen gari suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kawo cuku, wani kwalbar giyar tuffa, kowa na cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Octave ya karɓa ya yi godiya, bai tuna wa kowa abin da ya faɗa ba. Kwamiti suka roƙe shi ya koma Kwanar Rijiya. Ƙafafunsa ba sa iya tsayuwar wuni, sai aka ajiye masa kujera kusa da sabon mai tuta, yana zaune yana yi masa faɗa.

Firmin bai daɗe ba bayan haka. Kafin ya rasu ya roƙi Huguette abu ɗaya: idan za a kai shi Limoges a binne, a zagaya da shi ta Orbelle. Ta buga waya ta sanar da Octave ranar, ba ta roƙe shi komai ba.

Akwai abin da masu tuta ke yi idan tsere ya ƙare. Motoci kan yi zagaye na ƙarshe a hankali, kowane mai tuta ya fito bakin hanya ya kaɗa duk tutocinsa a haɗe. Ana yi wa wanda ya ci, ana yi wa wanda ya zo na ƙarshe.

Da motar gawar ta sauko daga tudu, Huguette ta hango mutum tsaye a bakin rijiya. Octave ne, ya sauko da tutocin Berthe daga saman kabad, duk sun koɗe a wurin naɗi. Maud na riƙe da sandarsa, don hannuwansa biyu a cike suke. Direban ya rage gudu. Octave ya ɗaga tutocin ya kaɗa su, bai sauke ba har motar ta sha kwana ta ɓace bayan itatuwa.

Daga baya Huguette ta aiko wa Maud ainihin shafin, wanda aka zana da hannu. Yana rataye a kicin ɗinta kusa da taga. Idan ka matsa kusa za ka ga duk layukan na rawa, amma jan da ke kunci ko kaɗan bai fita layi ba.

Darasi: Idan mutane sun yarda da maganarka, ka ji tsoron abin da za ka faɗa a kan wani lokacin da kake fushi. Firmin ya ɓata sunan mutum a ɗan lokaci kaɗan, gyaran ya cinye masa sauran ƙarfin hannunsa da sunansa, kuma Berthe ba ta gani ba. Idan akwai wanda ka yi wa ƙazafi, a baki ko a rubuce ko a wayar nan da ke hannunka, ka wanke shi yau tun kana iyawa, a gaban mutanen da ka ɓata shi. Wanda aka ɓata kuma, kada zafin ya canza masa hali. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai jiran a wanke sunansa.